Kwana Biyar A Wajen Mahaifa: Abin Da Ɗakin Gwaji Ke Bari A Jikin Ɗan Tayi

  

Tambayar da ma'aurata Musulmi suka fi kai wa malamai game da dashen ƙwai, wato aikin da asibitoci ke kira IVF, ita ce ta halacci, kuma an daɗe da amsa ta. A watan Maris na 1980, ƙasa da shekara biyu bayan haihuwar Louise Brown a garin Oldham na Ingila, wadda ita ce jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawa cewa aikin ya halatta matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar auren tana nan. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan batun a 1984 da 1985. Ita kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a birnin Amman a 1986, inda ta haramta hanyoyi biyar cikin bakwai da aka bijiro mata da su, ta halatta biyu idan buƙata ta kama. Abin da ya raba halal da haram a duk waɗannan zama shi ne nasaba: kada wani na uku ya shigo tsakanin miji da matarsa, ko da ƙwai, ko da maniyyi, ko da aron mahaifa.

Sai dai akwai wata tambaya da waɗancan majalisu ba su tsaya a kanta ba, domin a lokacin su kansu likitocin ba su gama gane nauyinta ba. Daga sa'ar da aka haɗa ƙwai da maniyyi zuwa sa'ar da za a mayar da ɗan tayin cikin mahaifiyarsa, yakan yi kwana biyu zuwa biyar, wani lokaci shida, a cikin ɗigon ruwa, a kan ɗan farantin roba, a cikin akwatin da ke riƙe masa ɗumi. An daɗe ana ɗaukar wannan faranti a matsayin zauren jira, wurin da baƙo zai zauna kafin a yi masa iso. Binciken shekaru talatin da suka wuce ya nuna ba haka abin yake ba. Ruwan da aka ajiye ɗan tayin a ciki, da iskar da ke kewaye da shi, da zafin akwatin, duk suna da hannu a yadda ƙwayoyin gadonsa ke fara aiki. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma yaran da aka haifa ta dashen ƙwai sun haura miliyan goma, ga cibiyoyin aikin suna ƙaruwa a Legas da Abuja da sauran manyan biranenmu, to maganar ta iso ƙofar gidajenmu.

Harafi da wasali

Jikin mutum gini ne na ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiran kowannensu sel. A cikin kusan kowane sel akwai dogon rubutu, shi ne DNA, wanda aka yi da haruffa iri huɗu kacal, wajen biliyan uku daga uba, wajen biliyan uku daga uwa. Sassan rubutun da ke ɗauke da umarnin gina jiki su ne ƙwayoyin gado, kuma sun kai wajen 20,000. Sel na ido da sel na hanta rubutu ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne wane sashe ake karantawa, wane aka rufe.

Ɗalibin Larabci ba zai sha wuyar gane wannan ba. Ɗauki kaf da ta da ba. Idan ka yi musu wasali iri ɗaya za ka karanta kataba, wato ya rubuta. Ka sauya wasalin ka karanta kutiba, an rubuta. Ka sake sauyawa ka sami kutub, littattafai. Harafi bai motsa ba, amma ma'ana ta sauya sau uku. Haka DNA take da nata wasullan. Ƙananan alamomi ne na sinadari da ke manne a kan rubutun, mafi shahara cikinsu ana kiransa metil, kuma inda suka taru a bakin wata ƙwayar gado yawanci sukan rufe ta, ta yi shiru. Ilimin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetik. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tun daga nan: duk abin da za a faɗa a ƙasa magana ce ta wasali, ba ta harafi ba. Ruwan da aka reni ɗan tayi a ciki ba ya ƙara masa uba, ba ya rage masa uwa, kuma gwajin DNA zai danganta shi ga iyayensa kamar kowane ɗa. Nasaba tana nan daram.

To me ya sa waɗannan kwanaki biyar suka fi sauran hatsari? Domin a cikinsu ake wanke allo. Ƙwai yana zuwa da wasullansa na ƙwai, maniyyi da nasa na maniyyi, kuma ba za a gina mutum da su ba. Saboda haka da zarar sun haɗu sai a fara goge mafi yawan alamomin, har su kai ƙarancinsu a wajen kwana na biyar, sannan a sake sa sababbi a daidai lokacin da ɗan tayin ke kama bangon mahaifa. A kwana biyun farko kuwa, ɗan tayin, wanda faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da yawa ba, yana rayuwa ne da guzurin da uwa ta zuba a cikin ƙwai. Peter Braude da abokan aikinsa a Kambirij sun nuna a 1988 cewa sai ya kai sel huɗu zuwa takwas, wato wajen kwana na uku, sannan nasa ƙwayoyin gadon ke karɓar ragama sosai. A kwana na huɗu sel ɗin sukan dunƙule, a na biyar ya zama ƙwallo mai ruwa a ciki, ya rabu gida biyu: na ciki su ne za su zama jariri, na waje su zama mabiyiya. A cikin mace duk wannan yana faruwa ne a duhu, da farko a bututun da ke kai ƙwai mahaifa, sannan a cikin mahaifar. A dashen ƙwai kuwa yana faruwa ne a hannun ma'aikaci.

Akwai wasu alamomin da ba a gogewa, kuma su ne zuciyar maganar. A 1984 Azim Surani, haifaffen Kisumu ta ƙasar Kenya da ke aiki a Kambirij, da kuma Davor Solter da James McGrath a Amurka, sun haɗa 'yan tayin ɓeraye da gadon uwa ninki biyu ba na uba, da wasu da na uba ninki biyu ba na uwa. Babu wanda ya rayu. Masu gadon uwa zalla mabiyiyarsu ta tsumbure, masu gadon uba zalla kuwa jikin ɗan ne ya kasa ginuwa. Daga nan aka gane cewa wasu ƙwayoyin gado, ɗari zuwa ɗari biyu a jikin mutum, suna ɗauke da hatimin wanda suka fito daga gare shi: wasu kwafin uba kaɗai ake karantawa, wasu na uwa kaɗai. Misali biyu maƙwabta a kan kuromosom na 11 su ne IGF2, wadda ake karanta ta uba kuma tana tura girma, da H19, wadda ake karanta ta uwa kuma tana ja wa girman linzami. Wajibi ne ɗan tayi ya kare waɗannan hatimai a daidai lokacin da yake goge sauran. Idan abin ya kuɓuce, ma'aunin girma ya karkace.

Darasin tumaki da ɓeraye

Masu kiwo ne suka fara ganin abin da ido. Tun farkon shekarun 1990, waɗanda ke haɗa 'yan tayin tumaki da shanu a ɗakin gwaji suka lura wasu 'yan raguna da maruƙa suna zuwa da girman da ya wuce ƙima, wasu har sukan kusan ninka nauyin da aka saba, haihuwa ta yi tsanani, da yawa su mutu. Iyayen lafiyarsu ƙalau, kuma a baya sun haifi 'ya'ya daidai. Zargi ya fi faɗawa kan ruwan jini da ake zubawa a cikin ruwan renon don ya ƙara masa ƙarfi. A 2001 Lorraine Young da abokanta a Cibiyar Roslin ta Sikotland, inda aka samar da tunkiyar nan Dolly, suka nuna cewa a jikin waɗannan manyan 'yan raguna wata ƙwayar gado mai hatimi, IGF2R, wadda aikinta shi ne rage sinadarin girma, ta rasa alamarta ta metil kuma aikinta ya yi ƙasa. Kwanaki kaɗan a faranti sun bayyana bayan watanni a jikin ɗan rago. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ruwan renon 'yan Adam na yau ya bar amfani da ruwan jini ɗungurungum, ya koma ga tataccen furotin ɗaya daga cikinsa.

Ɓera ya ba da hujja mafi tsafta, domin ana iya ɗaukar 'yan uwa ciki ɗaya a raba su. A shekara ta 2000, a Jami'ar Pennsylvania, rukunin Marisa Bartolomei da Richard Schultz sun reni 'yan tayin ɓeraye a ruwa iri biyu, wani tsoho mai suna Whitten da wani sabo mai suna KSOM wanda aka ƙara wa amino asid. A cikin tsohon ruwan, kwafin H19 na uba, wanda ya kamata ya yi shiru, sai ya farka. A cikin sabon, hatimin ya fi tsayawa. Bayan shekara huɗu Paolo Rinaudo da Schultz suka auna dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda, suka kwatanta da 'yan tayin da suka girma a cikin uwa. Ƙwayoyi 114 ne aikinsu ya sauya a tsohon ruwan, 29 a sabon. Darasi biyu ke nan a lamba ɗaya: faranti ba mahaifa ba ne, amma kuma wani farantin ya fi wani kusa da ita nesa ba kusa ba.

Iska da abinci da turare

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. A bututun ƙwai da mahaifar dabbobin da aka auna, abin bai wuce kashi 2 zuwa 8 ba. Ɗan tayi halitta ce ta wuri mai ƙarancin iska, kuma idan oksijin ya yi masa yawa yakan haifar da wasu sinadarai masu cin jikin sel kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Abin mamaki shi ne Robert Edwards da Patrick Steptoe, waɗanda suka fara aikin, da kashi 5 suka yi amfani. Daga baya ne cibiyoyi da yawa suka koma ga iskar ɗaki, saboda saukar da oksijin yana buƙatar akwati na musamman da tukwanen iskar nitirojin da za a riƙa saya ba fashi. Gwaje-gwajen ɓeraye sun nuna cewa reno a kashi 20 yana rikita ƙwayoyin gado fiye da reno a kashi 5, kuma da masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwajen mutane a 2012 sun ga ƙarancin oksijin yana ƙara yawan jariran da ake haifa da rai. Ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta sa shi cikin ƙa'idojinta na 2015. A ganina, wannan ya fita daga sahun abin da ake muhawara a kai. Cibiyar da har yau take reno a iskar ɗaki tana tsimin kuɗi ne a wurin da bai kamata ba.

Abinci ma haka. A kwanakin farko ɗan tayi ba ya son sukarin gulukos. Ƙananan sinadarai biyu, fairubet da laktet, su ne cimarsa, sai ya doshi kwana na huɗu zuwa na biyar sannan ya buɗe baki ga sukari. Ruwan bututun ƙwai da na mahaifa sun bambanta daidai da wannan buƙata. Masu haɗa ruwan reno sun kasu biyu: wasu suna sauya ruwan a kwana na uku don kwaikwayon jikin mace, wasu suna zuba komai a ruwa ɗaya su bar ɗan tayin ya zaɓa. Kowane ɓangare yana da sakamako mai kyau. Amma ko abu mai amfani yana iya juyewa. Amino asid, musamman gulutamin, yakan ruɓe a zafin jiki ya saki amoniya, kuma Michelle Lane da David Gardner sun nuna a ɓeraye cewa taruwar amoniya tana taɓa ci gaban ɗan tayi har da ita H19 ɗin nan. Shi ya sa kamfanoni suka koma ga wani nau'in gulutamin da ba ya saurin ruɓewa.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido. Zafin akwati digiri 37 ne, kuma idan ƙwai ya huce zuwa sanyin ɗaki na 'yan mintuna, siraran zaren da ke raba kuromosom ɗinsa sukan wargaje. Duk buɗe ƙofar akwati yana sauya zafi da iska, kuma sai an ɗauki lokaci kafin su daidaita. Tururin fenti, da na man goge ƙasa, da hayaƙin mota ko na janareta, suna narkewa a cikin ruwan reno. Wani taron masana da aka yi a Alƙahira, wanda aka wallafa matsayarsa a 2018, kan iskar ɗakin gwajin kaɗai ya tsaya. Mu da turare ke cikin sunnarmu da adonmu, yana da kyau mu san dalilin da ya sa ake hana ma'aikatan wannan ɗaki shafa shi, kuma ake roƙon ma'aurata su zo ranar dashe ba tare da shi ba. Ba raini ba ne. Ɗan tayi ba shi da hanta ko ƙoda da za su tace masa abin da ya shige shi.

Abin da aka gani a jikin mutane

A nan ake buƙatar natsuwa, domin a nan ne masu tsoratarwa da masu talla suke wuce gona da iri. A 2003 rahotanni uku daga Amurka da Ingila da Faransa suka nuna cewa wata cuta mai suna Beckwith-Wiedemann ta fi yawa a yaran dashen ƙwai. Jaririn yakan zo da girma fiye da ƙima, da babban harshe, wani lokaci da ɓaraka a cibiya, kuma yana da ƙarin hatsarin wani ciwon dajin ƙoda a ƙuruciya. Tushenta sau da yawa shi ne lalacewar hatimi a wancan yanki na kuromosom na 11, wato kusan irin abin da aka gani a tumaki. Sai dai a duba lamba. A cikin jama'a cutar takan sami jariri ɗaya cikin 10,000 zuwa 14,000. Wani bincike a jihar Victoria ta Ostireliya a 2004 ya ƙiyasta ɗaya cikin 4,000 a yaran dashen ƙwai. Ƙari ne na gaskiya, amma ma'anarsa ita ce 3,999 ba su da ita. Kuma raba laifin faranti da na sauran abubuwa yana da wuya, domin iyayen da ke zuwa dashe yawanci sun manyanta, suna da matsalar haihuwar da ita kanta tana iya taɓa waɗannan alamomi, ga alluran ƙara ƙwai, ga daskarar da ɗan tayi.

Ƙasar Holan ce ta warware wani ɓangare na wannan ƙulli. A birnin Maastricht, John Dumoulin da abokan aikinsa suna amfani da ruwan reno na kamfanoni biyu bi da bi, sai suka ba da rahoto a 2010 cewa nauyin jariran ya bambanta gwargwadon ruwan da aka rene su a ciki na kwana biyu ko uku. Da yawa ba su yarda ba, kuma wasu cibiyoyin da suka duba nasu bayanan ba su ga bambanci ba. Saboda haka aka shirya gwaji na ƙuri'a a cibiyoyi da dama na ƙasar, da ma'aurata 836, aka raba su tsakanin ruwa mai suna G5 da wani mai suna HTF. Sakamakon ya fito a 2016. G5 ya ba da 'yan tayi masu kyau da yawa, ciki ya fi kamawa, amma jariransa sun gaza na HTF da gram 158 a matsakaici. Domin a gane girman lambar, shan tabar uwa mai ciki yakan rage wa jariri wajen gram 200. Wani aikin na wannan rukuni ya sami ƙwayoyin gado 951 da aikinsu ya bambanta tsakanin 'yan tayin da aka rena a ruwan biyu. Abin lura a nan shi ne ruwan da ya fi kawo ciki ba lallai ne shi ya fi kawo jariri mai nauyi ba, alhali kuwa da yawan ciki kaɗai cibiyoyi ke yin talla.

Akwai kuma labari mai sanyaya zuciya, kuma zalunci ne a ɓoye shi. Wani binciken a Amsterdam ya ga cewa shekarun uwa da matakin da ɗan tayi ya kai sun fi nau'in ruwa tasiri a kan aikin ƙwayoyin gadonsa. Da aka auna alamomin metil a jinin cibiyar jariran wancan gwaji na ƙuri'a, rahoton 2022 bai sami wani bambanci mai ƙarfi tsakanin rukunan biyu ba. A birnin Melbourne kuma, aikin da aka wallafa a 2019 ya kwatanta jinin haihuwa da na girma na mutanen da aka samu ta dashe, ya ga cewa mafi yawan bambancin da ke akwai ranar haihuwa ya gushe bayan sun zama manya. Jiki yana gyara kansa da yawa. Ita kanta Louise Brown ta yi aure ta haifi 'ya'yanta ba tare da dashe ba.

Kada kuma a ɗauka wannan raunin na ɗan faranti ne kaɗai. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta afka wa yammacin Holan, kuma binciken 2008 ya gano cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar suna da ƙarancin metil a kan IGF2 bayan shekara sittin, idan aka kwatanta da 'yan uwansu na ciki ɗaya. Kusa da mu, a yankin Keneba na ƙasar Gambiya, manoma suna da damina mai yawan aiki da ƙarancin hatsi, da rani mai cikar rumbu, kamar dai yadda muka sani a karkararmu. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamominsu na metil a wasu ƙwayoyin gado sun bambanta da na 'yan rani, kuma bambancin ya bi sinadaran abincin da ke jinin uwa a lokacin ɗaukar cikin. Ke nan kowane ɗan tayi yana sauraron muhallinsa a makon farko, ko a faranti ko a ciki, tun kafin uwar ta san ta ɗauka. Magidancin da bai taɓa tunanin dashe ba ma yana da rabonsa a nan: ciyar da mace da kyau ba ranar da aka tabbatar da ciki yake farawa ba.

Inda amana take

Malamanmu sun yi dogon bayani kan matsayin ɗan tayi kafin busa rai. Jamhuru sun tafi a kan kwana 120 bisa hadisin Ibn Mas'ud, kuma sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya ya tsananta wajen hana zubar da abin da ya riga ya tabbata a mahaifa ko kafin kwana arba'in. Game da wanda ke faranti, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1990 cewa a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da ake buƙata, idan kuma an sami rara a bar shi ba tare da kulawa ba har rayuwarsa ta ƙare da kanta. Amma batun da muke kai bai rataya a kan wannan saɓani ba. Ko da an ce ƙwallon kwana uku ba shi da hukuncin mai rai, wanda za a dasa mutum ne gobe, kuma shi zai ɗauki sakamakon abin da aka yi masa yau. Haƙƙin da ake magana a kai na wancan yaron ne. Kiyaye zuriya yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma bai tsaya ga sanin uban yaro ba. Ya haɗa da lafiyarsa. Ƙa'idar kawar da cuta ma ta shafi nan. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya rarrabe tsakanin ƙwararren likitan da ya ba aiki haƙƙinsa da wanda ya yi shi da jahilci ko sakaci, kuma ya ɗora lamuni a kan na biyun. Yadda za a sauke wannan a kan ma'aikacin ɗakin gwaji da mai cibiya da kamfanin ruwa aiki ne na malaman fatawa tare da likitoci, kuma lokacinsa ya yi.

Wani abin da ya dace su duba shi ne ɓoye sirrin ruwan. Kamfanoni da yawa sukan faɗi sunayen sinadaran da ke ciki amma su ɓoye adadinsu da sunan kare kasuwa. A 2016 wani kwamitin ESHRE ƙarƙashin Arne Sunde ya fito fili ya nemi a bayyana komai, kuma a daina sauya haɗi ba tare da gwaji ba. Likitan da ke zuba ɗan mutane a ruwan da shi kansa bai san cikakken haɗinsa ba yana cikin wani hali da fiƙihun amana ke da abin cewa a kansa.

Ga ma'auratan da suka yi niyya, wannan duka ba dalilin fasawa ba ne. Dalilin yin tambaya ne, kuma wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi don wannan aiki yana da haƙƙin a ba shi amsa. Bayan an tabbatar da yadda cibiya ke kiyaye sunaye don kada a gauraya ƙwan wani da na wani, wanda shi ne farko, sai a tambayi kashi nawa na oksijin ake reno da shi. A tambayi abin da ke faruwa da akwatin idan aka ɗauke wuta, da daƙiƙa nawa ke tsakanin ɗaukewar da kamawar wata, da kuma inda hayaƙin janareta ke bi, da yadda ake tace iska lokacin ƙurar hunturu. A tambayi yawan jariran da aka haifa da rai, ba yawan waɗanda gwajin ciki ya nuna ba. Kada kuma kyan na'ura ya ruɗi mutum: akwatin nan mai kyamara da ke ɗaukar hoton ɗan tayi dare da rana ana cajin kuɗi mai yawa a kansa, amma babban gwajin da aka yi a Birtaniya da Hong Kong, wanda ya fito a 2024, bai nuna yana ƙara haihuwa ba. Hatsarin da ya fi duk waɗannan tabbata kuwa ba a ruwa yake ba. Shi ne dasa 'yan tayi uku ko huɗu a lokaci guda, abin da ke jawo 'yan biyu da 'yan uku, da bakwaini, da hawan jinin masu ciki, kuma sau da yawa iyayen ne da kansu ke roƙon a yi haka don kada kuɗinsu ya tafi a banza.

Mutanen Maastricht sun iya gano abin da suka gano ne saboda sun rubuta ruwan da aka reni kowane yaro a ciki, sannan suka bi yaran suna auna su shekara da shekaru. A Birtaniya hukumar HFEA tana ajiye bayanin kowane dashe tun 1991. Kafin hukumominmu su kai nan, iyaye suna iya yin nasu: ranar sallama su nemi cibiya ta rubuta musu sunan ruwan renon, da kashin oksijin, da kwanakin da ɗan tayin ya yi a waje, da ko an daskarar da shi, su haɗa takardar da katin haihuwar yaron su adana.